Ba Kowa Ne Ejan Ba: Nasiha ga 'Ya'yanmu Fataken Gwanzu

Ɗana, farashin dala da kuɗin kago ka fi ni saninsu, don haka na bar maka su. Maganata a kan harshenka take. Ke ma 'yata, mai sarin mayafai da takalma, matso kusa, har da ke nake.

In ka fito daga ginin Tianxiu a unguwar Xiaobei, ko daga kasuwar Canaan a Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou da mu 'yan kasuwa muke ce wa Gwanzu, ka danna waya za ka aika saƙon murya gida, me kake cewa? “Alhaji, na ba ejan difozit, saura balas, kayan kwaliti ne.” Alhaji ya ce to madalla, kowa ya kwanta da zaton an fahimci juna. Bayan wata biyu kwantena ta iso Apapa ko Lome, a buɗe, a tarar da abin da ba shi aka saya ba. Sai a shiga tambayar wa zai ɗauki asara, kuma a ranar ne ake gane cewa duk cikin wancan saƙo babu inda aka ɗora wa wani nauyi.

Kada ka ɗauka ina ƙyamar aron kalma. Hausa ta ari na Larabawa, ta ari na Barebari da Buzaye da Yarabawa, ta ari na Turawa, ba ta kuma ragu da komai ba. Kwantena kwantena ce, biza biza ce, fasfo da kwastan da rasit duk sun zama namu, kakanninmu ba su san su ba balle su raɗa musu suna. Abin da ke damuna daban ne. Akwai kalmomin da fataken ƙasar Hausa suka daɗe suna gogawa a hanyar Gwanja da ta Agadas da ta Ikko, har kowace ta zama tana ɗauke da sharaɗinta, mai faɗa ya san abin da ya ɗaukar wa kansa, mai ji ya san abin da zai nema. Su ne muke ajiyewa, muna ɗaukar waɗanda ba su ɗaure kowa ba.

Mu fara da wannan ejan, don ita ta fi ci mana dukiya. A Gwanzu mutum ɗaya ne zai taro ka a filin jirgin Baiyun, ya nema maka masauki, ya yi maka tafinta, ya kai ka masana'antar tayil ko ta kujeru a Foshan, ya canja maka kuɗi, ya tara kayanka a sito, ya haɗa ka da masu lodi. Duk wannan ka dunƙule ka ce ejan. To a wurin iyayenmu waɗannan ayyuka ne mabambanta, kowanne da sunansa. Akwai maigida, akwai dillali, akwai tafinta, akwai mai dako, akwai kuma wanda ya tsaya lamuni.

Maigida a bakin fatake ya wuce mai iyali. Shi ne mazaunin gari da baƙon ɗan kasuwa ke sauka a wurinsa, ya ba shi ɗaki da tuwon dare, ya adana masa haja, ya riƙe masa kuɗi, ya san wanda za a ba bashi a garin da wanda ba za a ba ba. Haka aka yi a Salaga zamanin cinikin goro, haka aka yi a zangon Kumasi. A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a farkon shekarun 1960 ya rubuta yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba takarda ba banki, amma in mahauci ya gaza biya, maigidan da shanun suka sauka a hannunsa shi ke fitar da kuɗin daga aljihunsa ya sallami mai shanu. Me ya sa? Saboda ran da aka ji a arewa cewa baƙo ya yi asara a gidansa, daga ranar ba mai sake sauka wurinsa. Wannan tsayawar ita ce lamuni. In mutum ya ce na lamunce, ya sa wuyansa ke nan.

Dillali kuwa aikinsa haɗa mai saye da mai sayarwa, ladansa la'ada, ita kuma la'ada a fili take, kowa a kasuwa ya san nawa ce kuma daga hannun wa take fita. Yau fa? Sau da yawa wanda ya kai ka masana'anta ya karɓi nasa a wurinka, ya kuma koma ta bayan gida ya karɓi wani a wurin mai masana'antar, an riga an cusa shi cikin farashin da aka danna maka a kalkuleta. Ba zai ji ya yi laifi ba, don kalmar ejan ba ta hana shi ba. Amma gwada ka dube shi ka ce, “Malam, la'adarka nawa ce, kuma wa zai biya, ni ko su?” Za ka ga fuskarsa ta sauya, don ka tambaye shi da harshen da uwarsa ta yi masa faɗa da shi. Sannan ka ƙara da ta biyu: “Dillanci kawai kake yi mini, ko ka tsaya mini lamuni?” In ya ce dillanci ne, to ka san duba kaya kafin lodi a wuyanka yake. In ya ce ya lamunce, ka sa shaidu biyu su ji. Mutanen kirki suna da yawa a cikin masu wannan sana'a, na sani, kuma su ne za su fi kowa jin daɗin a rarrabe, domin a daina yi musu kuɗin goro da macuta.

Kai kuma da ka zauna a can, ka sami takardar zama, ka iya yaren mutanen, ina so ka ɗauki sunan maigida da gaske. Baƙon da ya sauka wurinka bai san cewa dokar ƙasar Sin ta ce wanda bai kwana a otal ba ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24 ba. Bai san cewa wuce wa'adin biza na jawo tarar yuwan 500 a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare mutum ba. Faɗa masa aikinka ne tun kafin ya kwance jaka. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a wannan birni, wasu suka kwana a titi, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya nuna masa hotunan. A irin wannan rana ejan kashe waya yake yi. Maigida ne ke buɗe ƙofa.

Kuma kada ka ji kunyar kiran Xiaobei da sunan zango, don zango ne. Birnin nan ya san zango tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Larabawa da Farisawa sun yi fatauci a nan zamanin daular Tang, suna kiran garin Khanfu, suna da unguwarsu da shugabansu, har wani labarin matafiya na wajen shekarar 851 ya ambaci cewa akan naɗa Musulmi ya yi hukunci a tsakanin 'yan'uwansa. Masallacin Huaisheng da doguwar hasumiyarsa yana nan tsaye a inda unguwar tasu ta kasance. In ka kira wuri zango, ka yarda ke nan cewa akwai manya a cikinsa, akwai sasanci, akwai wanda za a kai wa ƙara kafin a kai ga ofishin 'yan sanda.

Sai difozit. Muna da kafin alƙalami, abin da akan miƙa wa malami tun bai tsoma alƙalami a tawada ba, daga nan ya zama sunan duk kuɗin da aka fara bayarwa don a kama aiki. Ga ciko, wato abin da ya rage. Ga wa'adi, ranar da aka yanka. Kafin alƙalami yana tuna maka da rubutu tun daga sunansa, kuma rubutun nan shi ne inda yaranmu suka fi sakaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma sai ka ga yaro ya tura kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kwantena ta WeChat, hujjarsa ɗaya hoton allon waya.

Bari in nuna maka yadda masu garin suke ɗaukar kalma da nauyi. Sinawa suna da kalmomi biyu da ake furtawa iri ɗaya, dingjin, bambancinsu a harafin farko ne kawai: 定金 da 订金. Ta farko, a dokar ƙasar, ɗauri ce: in mai saye ya janye, kuɗinsa sun tafi, in mai sayarwa ne ya saɓa, zai mayar da ninki biyu, kuma ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari na jimlar cinikin. Ta biyu kuwa somin biya ce kawai, ba ta da wannan hukunci. Mai masana'anta ya san wadda ya rubuta a rasit ɗinka. Kai da ka ce difozit, wacce ka biya? Ka sa a nuna maka harafin da yatsa kafin ka bar ofishin. Mutanen da harafi ɗaya ke raba musu hukunci haka, bai kamata ka zauna ciniki da su da kalmomin da kai kanka ba ka tantance ba.

Yanzu ga wadda na fi so, wadda kuma na fi jin zafin ɓacewarta: sallahu. Duk mai shirin tafiya Gwanzu, musamman lokacin baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, ya san yadda gida ke cika. Gwaggo ta kawo kuɗin keken ɗinki, maƙwabci ya kawo na injin markaɗe, abokin makaranta ya turo na wayoyi ashirin. A yau duk “kuɗin mutane” ake ce musu, a zuba su asusu ɗaya da naka. Iyayenmu ba su yi haka ba. Sun raba sallahu da ajiya, sun raba rance da aro, sun raba jari da uwar kuɗin mutum ta kansa, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya zauna gaban malami ya bi babukan ciniki da na ajiya a Risala ya san haka. Rance naka ne ka juya, amma ko ɓarawo ya ɗauke, biya ya hau kanka. Ajiya da sallahu amana ce: in ta salwanta ba da sakacinka ba, ba a bin ka, amma ran da ka taɓa ta ka cika kuɗin odarka da niyyar za ka mayar, to ta koma wuyanka ɗungurungum. Jari kuma da aka ba ka a kan a raba riba, in an faɗi ba da ganganci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, kai ka yi asarar wahalarka. Dubi yawan zumuncin da ya tsinke a Kano da Maraɗi saboda ba a faɗi ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ba a ranar da aka miƙa kuɗi. Mai bayarwa yana ganin rance ya bayar, mai karɓa yana ganin jari ya karɓa. Tambaya ɗaya ce a bakin zaure da ta kashe wutar: “Gwaggo, wannan sallahu ne ko jari?”

Abin da zan faɗa yanzu ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma uba ba ya tauna gaskiya. Mun koyi cewa kwafi, mun koyi cewa giredi na biyu, har da kwafi mai kyau. Waɗannan kalmomi wanke laifi suke yi. Hausa tana da jabu, kayan da aka liƙa wa sunan da ba nasa ba. Tana da algus, a cakuɗa marar kyau cikin mai kyau, ko a shimfiɗa na kirki a saman kwali a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Tana da tauye mudu, wanda sura guda ta Alƙur'ani ta sauka a kan masu yin sa. Turmin atamfa yadi shida ne. In ka ce wa masaƙa ta yanke maka biyar da rabi a naɗe shi yadda ba za a gane ba, tauye mudu ka yi, ko da ba ka taɓa riƙe mudu ba. In ka ce a rage kaurin tagullar da ke cikin wayar lantarki a bar lambar da ke jikin roba yadda take, algus ka yi, kuma wayar nan a ɗakin wani za ta yi zafi cikin dare, da 'ya'yansa a kwance. Mun saba cewa kayan Caina ba su da kyau. Masana'antun lardin Guangdong suna yi wa Turai da Amurka kaya, suna yi mana. Sau da yawa abin da ka biya, kuma ka nema da bakinka, shi ake ɗora maka. Yaron da zai iya cewa “kwafi nake kawowa” yana murmushi, ba zai iya tsayawa gaban mahaifinsa ya ce “algus nake yi” ba. Don haka nake so kalmar ta dawo bakinmu.

Maimakon kwaliti kuma, wadda ba ta faɗin komai, ka ce inganci in aikin kake yabo, ka ce nagarta in asalin kayan kake nufi, ka ce ƙarko in kana nufin zai daɗe. Matar da ta zo sayen tukunya ko takalmin makarantar yaro a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, ƙarko take tambaya, shi ya kamata ka tambaya a madadinta tun daga can.

Wasu kalmomin kuwa don daɗinsu kawai nake kewarsu. Cinikin Gwanzu na kalkuleta ne: ka danna, mai shago ta girgiza kai ta danna, ka juya za ka tafi, ta jawo hannun rigarka. Ba laifi, da haka aka yi arziki. Amma in ka koma tsakanin 'yan'uwanka, kada ka kawo mana wannan bushewar. Mu a wurinmu mai saye tayi yake yi, mai kaya kuma in tayin bai kai ba, ba ya cewa a'a, sai ya ce albarka. Ka duba mutanen da suka mayar da ƙin sayarwa addu'a! In an daidaita ya ce na sallama, daga nan ko wani ya zo da ninki, magana ta ƙare. Sannan a bi ka da gyara. Sari da kiri ma suna nan da ransu, ban ga abin da holsel ta fi su da shi ba.

Sai kalmomin hali. Akwai kalmar tsentseni. Ita ce ke sa ka tsaya ka nemi alamar halal a ƙofar gidan abinci, ka fi son shagon taliyar Musulmin Lanzhou ko gashin 'yan Xinjiang a kan wanda ba ka san tukunyarsa ba. Ita ce kuma ke sa ka ƙi karɓar ƙunshin da wani ya ce ka riƙa masa zuwa Legas ba tare da ka buɗe ka gani ba, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya ke kaiwa ga kisa. Tsoro daban, tsentseni daban; mai tsentseni ko ba mai kallonsa haka yake. Akwai kara, wadda ke sa ka ƙi zagaye wanda ya fara kai ka masana'anta ka koma ta bayansa don ka tsira da 'yan kuɗin la'ada. Akwai kawaici, da za ka bukata a jirgin ƙarƙashin ƙasa ran da wani ya matsa daga kusa da kai ko ya ɗaga waya yana ɗaukarka hoto. Kawaici ba ya hana ka neman hakkinka a inda ya dace. Yana hana ka zubar da girmanka a inda bai dace ba.

Ka lura da masu masaukinka. A watan Yulin 2010, da aka kawo shawarar a rage shirye-shiryen harshen Kantonis a talabijin ɗin birnin a ƙara na Mandarin, mutanen Gwanzu sun fito titi da yawa suna kare harshen iyayensu, a ƙasar da fita zanga-zanga ba abin wasa ba ne. Su kuma hukumomin Beijing tun 1963 suke watsa shirye-shirye da Hausa a rediyonsu, kuma ana koyar da ita a jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing. Wata rana za ka gamu da Basine da zai gaishe ka da Hausar littafi tsaf, ya tambaye ka ma'anar wata kalma. Ina fata ba za ka sunkuyar da kai ba.

Na fi tausayin 'ya'yan waɗanda suka yi aure a can. Yaro yana jin Mandarin a makaranta, yana jin Kantonis wurin kakarsa ta wajen uwa, Hausar da za ta kai kunnensa ita ce wadda ubansa ke yi a waya. In duk abin da yake ji oda ne da balas da kiliyarin, da su zai tashi a matsayin harshen gidansu. Ka bar shi ya ji kana cewa guzuri in kana haɗa jaka, tsaraba in ka dawo, ban gajiya in ka kira wanda ya yi maka rakiya. Ranar Juma'a in za ka masallacin da ke kusa da kabarin da ake danganta wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda baƙi daga kowace nahiya ke cika harabar, ka riƙe hannunsa ku je, ya ji yadda dattawan Kano da na Damagaram ke gaisawa, gaisuwa mai tsawo wadda ake tambayar gida da gajiya da sanyi da kasuwa.

Waɗanda na kawo kaɗan ne, kuma yawancinsu na wajen kasuwa ne, don nan na fi sani. Ƙamusun Bargery da aka buga a 1934 yana da kalmomi wajen 39,000, an kuma sa shi a intanet, kana iya buɗe shi a wayarka kana jiran jirgi a Adis Ababa. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ya yi bayanin Hausa da Hausa. Amma littafi ma'ana kawai zai ba ka, ba zai gaya maka a gaban wa ake faɗin kalma da kuma lokacin da ake haɗiye ta ba. Wannan sai wurin mutane. In ka sauka gida, bayan ka sallami masu sallahu, ka ware yammaci guda ka shiga Kasuwar Kurmi, ka nemi tsofaffin da suka yi fataucin goro ko na fata, ka kai musu tsarabar turare ko carbi. Ka tambaye su aikin madugu da na jagaba a cikin ayari, da yadda ake raba kuɗin fito in an zo ƙetare kogi, da abin da ake yi wa dillalin da aka kama ya ci amana. Ka nemi izininsu ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka, ka tura wa 'yan'uwanka na zangon Xiaobei su ma su ji.